Ƙarfen Haƙorin Ɗiyar Alhaji Nomau

Na ji ku sarai, ku 'yan fadar nan da kuka mayar da inuwar shagona wurin dafa shayinku. Kuna tsammani ƙarar injin ta toshe mini kunne? Wai Baba Isuhu ya gama morewa, yana zaune yana lanƙwasa 'yar waya, mutane na kawo masa kuɗi har da godiya. Har wani cikinku, wanda aka yi wa askin nan kamar an fara sassabe an fasa, yana cewa in ya kalli bidiyo biyu a salula shi ma zai buɗe nasa shagon a bakin tasha. To, Allah Ya ba da sa'a. Sai dai ka fara da bakunan mutanen gidanku, don su in ka ɓata musu ba za su kai ka jandarma ba.

Kallon kitse kuke wa rogo. Ni da na shiga wurin maigidana a Maradi, wani tsohon mutumin Togo da ke ƙera haƙoran roba, na daɗe ban taɓa waya ba. Aikina wanke cokulan ɗaukar siffar baki, waɗanda mutane suka cika da yawu, wani ma har da abin da ya ci da safe. Sai da ya ga ba na yamutsa fuska sannan ya miƙo mini awartaki, ya ce in lanƙwasa ƙugiyar da za ta rungumi turmin haƙori. Na yi, na kai masa ina murmushi. Ya duba, ya jefar ta taga. Na sake, ya sake jefarwa. Har yaran unguwa suka gane, suka riƙa tsayawa ƙarƙashin tagar suna tsintar waya suna haɗa motocin wasa. Tsohon ba ya faɗa, ba ya zagi. Iyakarsa ya ce, "Bakin mutum ne, ba dangar gona ba."

Akwai wani dattijon Bafillace daga wajen Sae Sabuwa da ya zo mini a tsakiyar bazara, farkon buɗe shagona nan Gidan Rumji. Haƙoransa na gaba sun zube, yana son na roba don ya iya cizon nama ranar Sallah. Kwaɓin da muke ɗaukar siffa da shi ba ya shiri da zafi. In ruwan bai yi sanyi ba, kafin ka ɗaga cokali daga kwano zuwa baki ya sandare. Dole na sayo ƙanƙara, na kwaɓa, na danna masa a ganɗa, ina riƙe da haɓarsa yana ta zazzare ido yana neman hanyar gudu. Daga nan a zuba falatir, wannan farin garin, a fitar da bakin mutum sak a kan tebur. A jera haƙora ɗaya bayan ɗaya, a dafa roba, a goge da magagari har sai harshe ya bi bai ji kaushi ba. Kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba, shi zai hana mutum cin tuwo. Da na gama, dattijon ya duba madubi ya ce sun yi fari da yawa, matarsa za ta ce ya ari na yaro. Na koma na rage musu haske.

Amma duk wannan sauƙi ne a kan aikin yara. Ƙarfen gyaran haƙori, wanda mu a bakin aiki muke ce wa aparai, 'yar roba ce da ke kwanciya a ganɗa, da waya da ke zagayo haƙoran gaba tana tura su a hankali. Lokotoro, wato likitan haƙori na Maradi, shi ke duba yaro ya faɗi abin da za a yi, ni in ƙera, in riƙa ɗaurewa. Cirewa ake yi in za a ci abinci, kuma a nan masifar take. Na ji an ce akuya ta tauna. Na ji an ce ya faɗa rijiya garin leƙe. Wata ta naɗe nata a takardar ƙosai, ƙanenta ya haɗa da sauran takardu ya hura wuta. Kuma duk uban da ya dawo, fuskar nan guda ce, kamar ni na bi yaron gida na sace.

Wanda ba zan manta ba shi ne Alhaji Nomau na Gidan Sori, dillalin wake, irin masu saye da kaka su danne a sito sai farashi ya hau. Ɗiyarsa Rakiya ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Ta sha tsotson yatsa tana ƙarama, haƙoran gaba suka turo har leɓɓanta ba sa haɗuwa. A lakol, makarantar boko ke nan, zomo ake ce mata, ita kuwa kullum bakin hijabi na kan bakinta. Kada ku ɗauka wannan ne ya dami Alhaji. Abin da ya dame shi, ya je gidan wani abokin gasarsa a Maradi ya ga ɗiyar gidan da waya a baki, aka ce masa ai abin 'ya'yan manya ne. Shi ke nan, dole tasa ma ta sa. Mun yi ciniki kamar ana sayar da jaki, ya tashi ya zauna, ya tafi ya dawo, daga ƙarshe dai ya biya.

Yarinyar kuwa ba ta da matsala ko kaɗan. Duk abin da na ce, shi take yi. Ranar kasuwa za ta zo bisa amalanke, a kan buhunan ubanta, in ɗaure mata waya, ta koma. Wata da watanni, haƙora suka fara shiga gida. Ran nan na ba ta madubi, ta haɗa leɓe, ya haɗu. Ta sake buɗewa ta sake haɗawa, sai ta fashe da dariya, ba hijabi a baki. Wallahi na ji daɗi ranar. Na ce mata saura kaɗan, ta dai riƙe abin nan da kyau, don in aka bar haƙori a tsakiyar tafiya komawa yake yi inda ya fito.

Sai ga muguwar shekarar nan da aka rufe iyaka, kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Ku a lokacin kukanku bai wuce na cajin salula ba. Ni garin roba da ruwansa daga Kano suke zuwa mini, suka yanke. Ɗan abin da 'yan moto ke shigowa da shi ta daji, kuɗinsa ya ninka, wani ma ya lalace, in ka dafa sai ya rugurguje a hannu. Injin goge ya zama kayan ado, na koma magagari da hannu har yatsuna suka yi kanta. Abin da ya rage mini a gindin gwangwani, da cokalin shayi nake aunawa. Na mayar da tsofaffi da yawa gida da wawulonsu, na ce su yi ta haƙuri da kunu.

A cikin wannan hali Alhaji Nomau ya faɗo shagon, Rakiya na biye da shi, kanta a ƙasa.

Ya ce, "Malam Isuhu, ga mutuniyar taka nan. Ta yar da abin."

Na dubi yarinyar. Idanu sun kumbura, ga shatar bulala a damtsenta inda hijabi ya zame. Na ce, "Rakiya, ina kika aje shi? Ki tuna a hankali, ba mai taɓa ki a nan."

Ta ƙara sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce, "Ka gani ko? Haka take yi mini. Uwarta ce ta lura ba ta sa shi, na tambaye ta, ta yi mini shiru kamar gunki. Na zane ta har hannuna ya gaji. Yaran yanzu ba su san zafin nema ba. To sai ka sake mata wani."

Na ce za a sake, na faɗa masa abin da zai kama. Bai kai kuɗin buhun wakensa biyu ba.

Ya ja da baya kamar na watsa masa ruwan zafi. "Kuɗin mi? Ba na biya ba?"

"Ka biya na farko, Alhaji."

"To wanga ai gyara ne. Ni in mutum ya auni wake wurina, in an gama sai na cika hannu na ƙara masa. Haka muka gada. Kai na kawo maka ciniki babba, ko tsinke ba ka ƙara mini ba. Yau ga ranar gyara ta zo kana kawo zancen kuɗi?"

Kun ji fa. Kuma ba wasa yake ba, har zuciyarsa yake faɗa. Na ce, "Alhaji, gyara ɗan abin da ake barbaɗawa bisa tiya ne. Ka taɓa sayar da buhu ka ba da gyaran buhu?"

Ya ce wannan daban. Na ce ina bambancin? Ya ce wake ci ake yi. Da ya ga nan ba ta ɓulle ba, sai ya sake hanya. Wai ba ni da wani tsohon ƙarfen haƙori da ɗan wani ya gama da shi? Ai ƙane kan gaji takalmin wansa, kuma ba a taɓa jin ƙafa ta yi ƙara ba. Na nuna masa bakunan falatir da ke jere a kan kanta, na ce ya zaɓo mini guda biyu da suka zo ɗaya. Ya ce shi bai zo kallon gumaka ba.

Saboda yarinyar na sauko. Na ce na yafe kuɗin hannuna, ya biya na kaya kawai, don in na ba shi na gindin gwangwanin nan kyauta ba ni da abin sayen wani. Na gaya masa gaskiya, in aka daɗe haƙoran za su koma, wahalar watannin nan duk ta tashi a banza.

Ya kaɗe rigarsa ya ce, "Su koma. Ta zauna da su haka, ta san darajar kaya. Ko zomo ai yana cin abinci."

A gabanta ya faɗi haka. Na so in ce wani abu, na tuna in na ce, a jikinta zai huce. Suka fita, tana biye da shi kamar yadda suka shigo.

Aka kwana biyu. Na hango ta sau ɗaya ranar kasuwa, zaune a bakin rumfar wake, hijabi ya koma kan baki. Ta gan ni ta kau da kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ɗiyar wani ce, ba yadda zan yi.

Ran nan da hantsi, ita ma ranar kasuwa ce, sai ga Ɗanladi maroƙi. Kun san shi ai, wanda ba a suna ko ɗaurin aure daga nan har Tibiri bai ji ƙamshi ba. Ya shigo cikin wata babbar riga ta shadda, sai walƙiya take, ta sha bugu. Ya fara yi mini kirari tun daga ƙofa, na ce ya adana muryarsa, nan ba a haihu ba. Ya sa hannu a aljihu ya aje wani abu a kan tebur.

"An ce kai ke sayen irin wannan. Nawa za ka ba ni?"

Na ɗauka na juya. Robar ta farfashe, wayar ta kwanta shamɓal kamar mota ta bi ta kai. Amma kowane maƙeri ya san ƙirarsa. Na ce, "Ɗanladi, ina ka samo wannan?"

"A aljihun rigar nan. Na kai ta wanki da bugu, mai bugu ya ji abu na ƙara ƙarƙashin mabugi, ya ɗauka laya ce, har ya tsorata. Sai da ya gama lallasa ta sannan ya leƙa."

"Rigar ta wa ce?"

Ya buɗe hannuwa ya juya don in gani da kyau. "Kyautar Alhaji Nomau ce, ranar sunan ɗansa. Na wasa shi, na kira kakanninsa tun daga waɗanda suka ƙetaro daga Katsina, kansa ya yi girma, ya tuɓe ta a gaban jama'a ya yafa mini. Af! Tsaya, na ma tuna. Ai a gabana aka yi. Yarinyar nan tasa ta kawo goro zaure, ta durƙusa tana gaisuwa, magana na fita da tsitt-tsitt saboda ƙarfen. Wani baƙo ya ce, Alhaji, linzami ka sa wa ɗiyar taka? Aka kwashe da dariya. Alhaji ya ji kunya, ya daka mata tsawa, ya ce ciro abin nan ki ba ni. Ta ciro, ya jefa aljihu."

Na ce, "Da zai ba ka rigar bai laluba aljihun ba?"

Ɗanladi ya yi dariya har da buga cinya. "Ya laluba mana! Ya kwashe kuɗinsa tsaf, ko dala bai bar mini ba."

Na zauna a kujera. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ɗanladi ya ce to nawa zan saya? Na ce ni ko kyauta ba na so, ya mutu murus. Amma na san mai saye, yana can rumfar wake, kuma zai saya da daraja in an iya talla. Na ba shi labarin bulalar. Maroƙi dai maroƙi ne, amma yana da 'ya'ya. Ya daina dariya, ya gyara hularsa, ya ce in biyo shi.

Na rufe shago na bi shi. Ba zan ɓoye muku ba, da gangan na je, kuma da daɗi na je.

Alhaji na tsakiyar awo, mutane sun kewaye shi. Ɗanladi ya tsaya daga nesa inda kowa zai ji, ya ɗaga abin sama, ya buɗe maƙogwaro. "Alhaji Nomau na Gidan Sori! Mai wake, uban marayu! Kowa ya ba da riga, riga ya bayar, kai ka ba da riga har da haƙora! Jama'a ku zo ku ga gyara, na samu a aljihun Alhaji! Wanda ya aje da hannunsa, ya nema a jikin ɗiyarsa!"

Kafin ka ce kwabo an taru. Masu tallan fura suka sauke ƙwarya, 'yan kabu-kabu suka kashe moto. Wanda bai gane ba yana tambayar na kusa da shi, na kusa da shi yana ƙara gishiri. Alhaji ya saki tiya, wake ya watse. Ya ratso mutane ya fizge abin daga hannun Ɗanladi, ya cusa masa kuɗi ba tare da ya duba ko nawa ne ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ɗanladi ya duba hannunsa, ya ga da sauran magana, ya ja numfashi zai ɗora. Alhaji ya ƙara masa.

Sannan ya juyo kaina, gumi na zuba. "Malam Isuhu, har da kai? Da girmanka?"

Na ce, "Ni wake na zo saye, Alhaji. In an auna a yi mini gyara."

Ya matso kusa, ya rage murya. "Gobe za a kawo ta. A yi mata wani."

Na ce to, amma ragin da na yi kwanaki ya wuce, yanzu da kuɗin kaya da na hannu. Kuma ba daga inda aka tsaya za a ɗora ba, daga farko za a koma. Ya buɗe baki zai yi ciniki, ya waiga ya ga Ɗanladi bai yi nisa ba. Ya ce Allah Ya kai mu.

Washegari da kansa ya kawo ta. Bai shigo ba. Ya zauna a kan bencin nan da kuke zaune, yana gaya wa masu wucewa cewa shi ba ya wasa da lafiyar 'ya'yansa, ko nawa ne zai kashe. Game da abin da ya faru kuwa, iyakar abin da ya ce da ni shi ne, "An ga abin, magana ta wuce."

Na zaunar da Rakiya a kujera, na ce ta cire hijabin daga baki. Haƙoran sun koma kusan inda muka faro. Na jawo cokali ina gwada wanda zai yi mata daidai, na yi ƙasa da murya don kada na waje ya ji.

"Rakiya, ashe kin san inda yake tun farko."

Ta gyaɗa kai.

"To me ya hana ki faɗa, kika tsaya ana dukanki?"

Ta leƙa ƙofa, ta dawo da ido kan yatsunta. "Baba, ai ba a ce wa babba shi ya yar. Kuma shi ma ya tuna. Bayan dukan, da gari ya waye na kai masa kunu, na tarar ya fito da rigunansa duka yana zazzage aljihu a kan tabarma. Ya tsaya cak, ya ce, Ɗanladi. Da ya gan ni sai ya ce in aje in fita."

Na ce, "Wannan kafin ya kawo ki nan neman gyara ne, ko bayan?"

Ta ce, "Kafin."

Ta gyara zama, ta buɗe baki tun ban ce ta buɗe ba.